Ranar da Alhaji Mijinyawa Ya Yi Goyo

Duk wanda ya san layin 'yan atamfa a kasuwar Adjamé kafin shekarar 1998, to ya san tumbin Alhaji Mijinyawa tun kafin ya san fuskarsa. Tumbin ke fara shiga rumfa, Alhajin na biye da shi yana haki. Bakano ne, ya zo Abidjan yana saurayi a bayan motar goro, ya fara da tallan yadi a kafaɗa wajen silimar Roxy, har Allah ya buɗa masa ya yi rumfa biyu. Tun daga ranar da ya samu kujera kuwa, abu mafi nauyi da hannunsa ya sake ɗagawa shi ne almakashi. In dila ta iso, masu wotoro, wato amalanken hannu, ne ke turo ta har bakin rumfa, shi nasa nuni da baki.

Amma fa mutum ne mai yarda da kansa. In ya murza yadi tsakanin yatsu biyu ya ce zai yi zuba, kada ka tsaya gardama, je ka wanke ka gani. Kuma ba ya fita sai da babbar riga ta shadda, an buge ta har tana ɗaukar ido. Ya sha faɗa cewa rabon da wani ya ga kafaɗarsa a waje tun yana ɗan shekara ashirin.

Gidansa na unguwar Treichville, a wani tsohon bene, hawa na huɗu. Matakala sittin da huɗu ce daga ƙofar titi zuwa ƙofar ɗakinsa, sha shida sha shida, da ɗan fili na juyawa tsakanin hawa da hawa. Matsattsiya ce ƙwarai, mutum biyu ba sa jerawa. Kullum Alhaji sai ya huta sau uku kafin ya kai, yana zagin wanda ya yi ginin.

Matarsa Hajiya Zalihatu kuwa da gudu take hawa. Haifaffiyar Grand-Bassam ce, mai haɗa turaren wuta, mace mai zafin nama da zafin baki. Sai ga shi wata safiya tana tsakar suyar ƙosai ludayi ya faɗi daga hannunta. Hawan jini ne. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, hannu da ƙafa. Magana ta dawo mata daga baya, hankalinta kuwa ko gezau bai yi ba.

Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, ƙarti huɗu aka samo suka hau da ita. A kowace kwana sai sun karkata ta, wannan ya riƙe nan, wancan ya tallafe can, har zanenta ya zame a hawa na biyu mutane na kallo. Kwana uku ta yi tana kuka. Ta rantse ba wani namiji da zai sake taɓa jikinta in ba mijinta ba. 'Ya'yansu uku duk mata ne, biyu suna gidajen mazajensu, sai auta Laila da ke gabansu. Mata sun taɓa gwadawa da bargo, a kwanar farko saura ƙiris su kife gaba ɗaya. Masu ba da shawara daga nesa suka ce ai sai a tashi a koma gidan ƙasa. To, sannunku da dabara! Ko tashin za a yi, ai sai an sauko da ita tukuna. Haka ta shekara biyu a sama, likita ke hawa ya duba ta, titi kuwa sai dai ta leƙa ta taga.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne mahaifiyarta, Inna Tsahara, da ke can Bassam. Tsohuwa ce ta haura tamanin, idanu sun tafi, gwiwoyi sun ƙi, ko dakalin ƙofarta ba ta iya takawa, balle bene. Sai suka koma gaisawa ta kaset. Zalihatu ta yi magana a rikoda, Alhaji ya kai kaset ɗin tashar Bassam ya ba direba, bayan kwana biyu amsa ta dawo.

Wata huɗu kafin azumi wani kaset ya zo. Suka kunna bayan la'asar. Muryar tsohuwar ta yi ƙasa sosai, tana tsayawa tana numfashi. Ta ce, “Zali, muryarki ina ji, na gode Allah. Amma fuskarki nake so in shafa. Ban sani ba ko zan kai azumin bana.”

Zalihatu ta juya fuska bango. Alhaji ya kashe rikoda. Can ya ce, “Hajiya, ni zan sauko da ke.”

Ta juyo da jajayen idanu ta dube shi sama da ƙasa. “Alhaji, kai da ledar burodi ma sai ka huta sau uku? Don Allah bar ni in ji da abu ɗaya.”

Maganar ta soke shi. Washegari ya sayi buhun shinkafa mai kilo hamsin, ya sa aka ɗora masa a baya a bakin ƙofa, wai zai nuna mata. Ya ci hawa na farko da ƙyar. A tsakiyar na biyu duhu ya rufe masa ido, ya zube zaune, buhun ya gangara ya fashe. Wata maƙwabciya ta buɗe ƙofa ta gan shi cikin shinkafa tsamo-tsamo da gumi, ta ce masa “Yako,” sannun mutanen ƙasar ke nan, ta koma ta ɗauko tsintsiya.

Da ya kai kaset na gaba tasha, labari ya riga shi zuwa. Wanda ya tare shi da dariya shi ne Kalla, mai ɗaura kaya a saman motocin Bassam. Mutumin Damagaram ne, ya haura arba'in, ya taɓa yin damben safar hannu a Treichville har hancinsa ya baje. A bayan tasha yana da wani ɗan fili inda direbobi ke zuwa motsa jiki da safe. Tsakanin Bakano da mutumin Damagaram kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka Kalla kaɗai ne a duk Abidjan zai iya faɗa wa Alhaji abin da ya ga dama ya kwana lafiya.

“Bawana,” in ji Kalla, “an ce ka yi shukar shinkafa a bene. Yaushe girbi?”

“Rufe min baki, ɗan ƙauye.” Amma muryar Alhaji ba ta wasa ba ce. Ya ja shi gefe ya gaya masa komai, har maganar kaset.

Kalla ya daina dariya. Ranar nan ya bi shi gida, ya hau benen yana ƙirge, ya sauko, ya sake hawa da gudu. Sannan ya ce, “Ka ga kuskurenka? Ka ɗauka aiki ɗaya ne dogo. Ba haka ba ne. Zango huɗu ne gajeru, kowanne ka ba shi duk ƙarfinka, ka tsaya a kwana ka ja numfashi kaɗan, ka sake. Haka ake dambe. Ba ƙarfi kawai za mu nema maka ba, zuciyar da ke saurin dawowa za mu nema. Amma je ka likita ya auna ka tukuna, ba na son Bakano ya mace min a fili a ce ni ne.”

Likita ya auna, ya ce a bi a hankali, a rage mai da gishiri. Alhaji ya ji “a hankali”, sauran ya yi kamar bai ji ba, sai da Laila ta karɓe ragamar tukunya.

Kayan aikin Kalla ba wani abin a zo a gani ba ne. Gwangwanayen madara ya cika da siminti, ya soka guntun bututun ƙarfe tsakanin biyu biyu, ka riƙe a tsakiya ka ɗaga. Akwai ƙanana, akwai manya. Sai tsohuwar tayar babbar mota a kwance, da igiyar tsalle, da wani ƙarfen taya da ya rataye a bishiya yana bugawa da sifana. In ya buga sau ɗaya, aiki na daƙiƙa arba'in ba tsayawa. In ya buga sau biyu, hutu na daƙiƙa ashirin. Ashirin fa, ba ashirin da ɗaya ba.

Ranar farko, bayan sallar asuba, Alhaji ya zo da jallabiya. Kalla ya ce a cire. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka daidaita a kan singileti da dogon wando, bisa sharaɗin a rufe ƙofar langa-langa. Ƙarfe ya yi ƙara. Tsuguna da gwangwani a kowane hannu, tashi ka ɗaga su sama da kai, sake tsuguna. Hutu. Tsalle ka hau taya, sauko, sake hawa. Hutu. Taka gaba da ƙafa ɗaya har gwiwa ta kusa taɓa ƙasa, gwangwanaye na rataye a hannu. Hutu. Tsallen igiya. Zango huɗu ke nan, sai a huta minti biyu a koma farko.

Wayyo, ba a magana! A tsallen farko tumbin ya tashi bayan Alhaji ya riga ya sauka. Igiya ta harɗe shi sau shida. Kafin a gama zagaye ɗaya ya kwanta a ƙasa yana kallon sama, ya ce a kira masa Laila ya yi wasiyya. Kalla ya tsaya a kansa ya ce, “Saura daƙiƙa biyar, bawana. In za ka mutu, mutu bayan ka gama.”

Kwana uku yana sallah a zaune saboda ciwon cinya. Amma ya koma. Sau uku a mako, Litinin, Laraba, Asabar, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. A kasuwa aka sa shi gaba. Wani ya ce amarya zai ƙara, wani ya ce aikin soja zai shiga. Shi dai sai ya gyara hula ya ce, “Ku ci gaba. Ranar da zan yi abin da zan yi, ku zo da idanunku.” Ko sau ɗaya bai ce “in na iya” ba, kullum “in Allah ya kai mu ranar” yake cewa.

Zalihatu da farko ko tambaya ba ta yi. Sai wata rana ta lura ya shigo da sallama a bakinsa cikakkiya, ba a gutsure ba. Ta ce, “Yau sau nawa ka huta?” Ya ce bai huta ba. Da Lahadi ta zo sai ta ce ya yi abin nasa a falo ta gani. Ba ƙarfen bugawa a gida, sai ta ɗauki carbinta da hannun dama ta zama ita ce mai ƙidaya, arba'in na aiki, ashirin na hutu. Ba ta da sassauci ko kaɗan, ta fi Kalla mugunta. Mutanen hawa na uku suka yi ta buga silin da sandar tsintsiya, aka daina tsalle a gida, aka bar ɗagawa.

Da Kalla ya ji, sai ya cika ɗan gwangwanin tumatir da siminti ya aika mata. Ya ce hannun nan mai lafiya shi zai riƙe wuyan Bakano, kada a bar shi ya yi sanyi. Ta karɓa tana tsaki, amma kullum sai ta ɗaga shi sau talatin da uku bayan kowace sallah.

A wata na uku Alhaji ya koma kan manyan gwangwanaye, yana hawa taya sau ashirin kafin ƙarfe ya yi ƙara. Tela ya rage masa wanduna sau biyu. Sai aka zo kan yadda za a ɗauke ta. A hannu ba zai yiwu ba, kwanar ta yi matsi, kuma yana bukatar hannu ɗaya ya riƙe ƙarfen bene. Laila ce ta warware, da Hausarta mai gauraye da Faransanci. “Papa, goyo za ka yi, kamar bebe.” Jariri take nufi. Ya zaro ido. Namiji da goyo, Alhaji guda? Ya dubi matarsa, ya haɗiye sauran maganar. Da kansa ya zaɓo atamfa mafi ƙarfi a rumfarsa, mai kaurin zare, da majanyi saƙar hannu. Aka dawo da buhun shinkafa. Nauyin Hajiya kuwa ta ce ba wanda zai ji shi daga bakinta, sai Laila ta kintata ta ƙara ƙullin albasa a kai. Da sassafe, daga shi sai singileti, Laila ta ɗaure masa buhun, ya sauka, ya hau. Ranar da ya yi sau biyu a jere, ya shigo ya tsaya gaban matarsa da buhu a baya yana jiran yabo. Ta ce, “Shinkafa dai ba ta jin tsoro.”

Saura mako biyar azumi wani kaset ya iso. Ba muryar Inna ba ce, ta wata jikarta ce. Ta ce tsohuwa ta rage cin abinci, kunu kawai take kurɓa, kuma duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ta tambaya ko Zali ce. Kalla ya ce da son samu ne a ƙara mako biyu. Alhaji ya ce, “Jibi Lahadi. Ka zo da mota ƙarfe takwas.”

Ranar Lahadi Alhaji ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi in za shi gaida surukarsa. Ya sa 'yar ciki, ya ɗora babbar riga ta farar shadda da ta dawo daga wajen masu bugu jiya-jiya, tana sheƙi, ya kafa hula. Mutumin da ya shekara talatin yana murza yadi, wanda ya fi kowa sanin santsin bugaggiyar shadda, ko a ransa bai kawo ba. Wata uku yana atisaye da singileti, ranar aiki ya zo ya sa abin da bai taɓa gwadawa ba. Kai, ɗan Adam!

Ya tsuguna a bakin gado, Laila ta jingina uwar a bayansa, ta ja atamfa ta ɗaure a ƙirji, ta ƙara majanyi. Ya miƙe cak. Zalihatu ta zagayo wuyansa da hannun dama, carbi na lilo a ƙirjinsa. Suka yi bisimilla.

Taki biyar lafiya. A na takwas ya ji ɗaurin yana silalewa a kan shadda. A na sha biyu ta zamo har ƙugunsa, hannunta ya shaƙe masa wuya, gefen rigar ya shiga ƙarƙashin ƙafarsa. Ya damƙe ƙarfen bene, ya ja sauran huɗun da ƙarfin cinya kawai, ya kai kwana ya manna ta da bango da bayansa. Laila ta ƙwalla ƙara. Ƙofofi suka buɗe sama da ƙasa.

Zalihatu ta ƙanƙame shi. Ta ce a kunnensa, “Alhaji, mai da ni. Na yafe. Mai da ni kafin a sake kallona.”

Tsoro ya kama shi, wannan gaskiya ne. Amma numfashinsa ya riga ya dawo, ƙafafunsa kuma ba su ce komai ba. Ya ce, “Ba ke za a kalla ba yau.”

Ya zaunar da ita a kan matakala, Laila ta rufe ta da mayafi. Ya cire hula. Ya cire babbar riga ya dunƙule ya jefa kwana kamar tsumma. Ya cire 'yar ciki. Ya rage daga shi sai singileti da wando, furfurar ƙirji a waje, maƙwabta na leƙe. Ya tsuguna ya ce, “Ɗaura, Laila. Ja da kyau.”

Wannan karon atamfa ta kama. Sha shida, ya tsaya. Zalihatu ta ƙirga ashirin a carbi, muryarta na karkarwa. Sha shida, ya tsaya. Ta ƙirga, muryar ta fara daidaita. Zangon ƙarshe ita ce ta ce masa, “Tashi, lokaci ya yi.”

A bakin titi 'yan layin atamfa sun fi goma, sun zo da idanunsu kamar yadda ya ce. Suka ga Alhaji Mijinyawa ya fito da singileti, goye da matarsa, atamfa ɗaure a ƙirji irin na masu jego. Wani ya fara dariya, ya duba ya ga shi kaɗai ne, ya mai da ita tari. Rana ta sauka a fuskar Zalihatu, ta runtse ido, hawaye suka zubo. Kalla ya buɗe ƙofar mota ya kau da kai gefe har aka zaunar da ita. Yau ko kalmar wasa ɗaya bai yi ba.

A Bassam ma da goyo ya shigar da ita har gadon tsohuwa, ya fito ya tsuguna a bayan labule, ya yafa rigar da Laila ta tsinto. Yana jin su. Inna Tsahara ta daɗe tana shafa fuskar 'yarta, goshi, kumatu, gefen bakin da ya karkace. Ta ce, “Ke ce. Wallahi ke ce.” Suka yi kukansu suka ƙoshi. Can tsohuwar ta ɗaga murya. “Alhaji, an ce da singileti ka fito titi.”

“Haka ne, Inna.”

“To, Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mata.”

Sai ya sunkuyar da kai ya shafa fuska.

Komawa sama ita ce babbar jarrabawa, da la'asar, bayan zaman mota. Hawa biyu ya ci da ƙarfinsa. A kwana ta uku cinyoyinsa suka fara rawa. Zalihatu ta soma ƙidaya, tana jan kowace lamba, tana tsayawa gyaran murya. Ya ce, “Hajiya, ashirin ɗin nan ta yi tsawo.” Ta ce, “Kai dai ja numfashinka. Ni ke riƙe da carbi.” Ya kai ta har gado.

Daga nan kowace Lahadi sai sun je. Inna ta koma cin tuwo, ta kai azumin da take shakka, har ta sha ruwa da 'yarta sau ɗaya. Alhaji bai bar filin Kalla ba, shekaru bayan haka ma ana ganinsa can da gwangwanayensa, yana yi wa direbobi tsawa in sun ƙara daƙiƙa a hutu.

Ran tara ga azumi, da hantsi, wani direba ya hau benen, ba kaset a hannunsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi saƙon rasuwar Inna. Zalihatu ta yi salati, sannan ta ce, “Alhaji, ɗauko zanen.” Da ta juyo, ya riga ya cire hula, yana zare babbar riga.